Louis Braille: ɗan baduku da ya koya wa yatsa karatu

A hutun makaranta da ya wuce, 'yar ƙanwata ta ɗauki kwalin maganin hawan jinin kakarta, ta shafa shi da ɗan yatsa, ta faɗi sunan maganin tsaf. Yarinyar nan ƙyanda ce ta tafi mata da idanu tun tana shekara 4. Ni kuwa na fi shekara ina sayo wa tsohuwa wannan maganin, ina jin 'yan ƙuraje-ƙurajen da ke jikin kwalin, ban taɓa kawowa a raina cewa rubutu ne ba. Na ɗauka kwalliyar kamfani ce. Kunya ta kama ni ranar, don lokacin da aka yi zaman gida kan a kai ta makarantar makafi, ni ina cikin waɗanda suka ce a'a. Hujjarmu ita ce nisa, ga ta mace, ga ta ƙarama, kuma wa zai kula da sallarta a can. Wani ma a zaman ya ce a bar ta a gida ta yi hadda, ai makaho ba ya rasa abinci a zango. Kowa ya gane abin da yake nufi, ba wanda ya tanka. Ubanta ne ya kafe, Allah Ya saka masa.

Tun daga ranar kwalin nan na shiga neman labarin wanda ya ƙago ɗige-ɗigen. Ashe yaro ne ɗan shekara 15, kuma shi ma makaho.

An haifi Louis Braille ranar 4 ga Janairu, 1809, a wani ƙauye da ake kira Coupvray, kimanin kilomita 40 gabas da birnin Paris a Faransa. Shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa, Simon-René, baduku ne mai yin sirdi da linzami da sauran kayan doki, kuma rumfar aikinsa a jikin gidan take. Duk wanda ya tashi kusa da dukawa ya san yadda wurin yake, ga wuƙaƙe, ga basilla, ga guntayen fata a ƙasa, ga yaro yana son ya yi abin da ya ga uba yana yi. Yana da shekara 3 ya ɗauki wani abin aiki mai tsini zai huda fata, abin ya kufce ya soke shi a ido. Idon ya rube, ciwon ya tsallaka zuwa ɗayan, kafin ya cika shekara 5 duka biyun sun tafi. A wancan zamani babu maganin da zai tsayar da irin wannan ciwo.

Makomar makaho ɗan talaka a Faransa ta lokacin ba ta da wani bambanci da wadda muka sani a nan: bakin coci da ƙoƙon bara, kamar yadda namu suke bakin masallaci ranar Juma'a. Iyayen Louis ba su yarda da haka ba. Limamin cocin ƙauyen, Fada Jacques Palluy, ya fara koyar da shi da baki, daga baya ya roƙi malamin makarantar garin, Antoine Bécheret, ya bar yaron ya zauna a aji tare da masu ido. Ya zauna, yana sauraro yana riƙewa a ka, har ya riƙa wuce abokansa. Amma dai ba ya iya buɗe littafi, ba ya iya rubuta ko sunansa. Fadan ne ya yi ta faɗi-tashi har aka samo masa gurbi a makarantar yara makafi ta Paris, ya shiga a watan Fabrairu, 1819, yana ɗan shekara 10.

Wannan makaranta ita ma tana da nata labarin, kuma ya taɓa ni. Wani mai suna Valentin Haüy ne ya kafa ta. A 1771 ya je wata kasuwar baje koli a Paris, ya tarar an jera makafi a kan dandamali, an sa musu hulunan wawaye da tabarau na kwali, an ba su kayan kiɗa suna ta kwaramniya, jama'a na ta dariya. Abin ya tsaya masa a rai shekara da shekaru. A 1784 ya ɗauki ɗalibinsa na farko, wani saurayi mabaraci mai suna François Lesueur, kuma sai da ya riƙa biyan kuɗin da saurayin zai samu a bara kafin a sakar masa shi ya yi karatu. Ka ji fa. Mutumin ya gane cewa wa'azi kaɗai ba ya raba gida da kuɗin bara, sai an cike gurbin. Masu son kwashe yaranmu daga titi yau, da yawansu ba su kai ga wannan fahimta ba.

Haüy ya yi abin da mai ido zai yi tunani: ya buga haruffan boko manya-manya a kan takarda mai kauri, suka taso yadda hannu zai ji. Da niyya mai kyau aka yi, amma littafi ɗaya sai ya zama katon kaya mai nauyi, 'yan kalmomi sun cinye shafi, yatsa kuma sai ya bi lanƙwasar kowane harafi kafin ya gane shi. Kafin ka kai ƙarshen jimla ka manta farkonta. Babbar matsalar ma ita ce makaho ba zai iya rubuta irin waɗannan haruffa da kansa ba. Littattafan makarantar 'yan kaɗan ne, Louis bai daɗe ba ya gama da su. Ginin kuwa tsohon gini ne a titin Saint-Victor, mai danshi da sanyi, babu iska, an taɓa yin kurkuku da shi lokacin juyin juya halin Faransa. Yara suna ta tari a ciki.

A 1821 aka kawo wa makarantar wata dabara ta Charles Barbier, tsohon hafsan sojan igwa. Labarin da ya fi yawo shi ne wai don sojoji ya ƙago ta, su riƙa karanta saƙo da dare ba tare da kunna fitila ba. Sai dai shi Barbier ɗin, a littafin da ya buga a 1815, makafi ya ambata cikin waɗanda dabarar za ta yi wa amfani. Ko ma dai yaya ne, shi ya fara kawo tunanin a bar kwaikwayon siffar harafi, a koma ga ɗigo mai tudu, kuma shi ya kawo allon rubutu da tsinken hudawa. Yaran suka yi murna, don karon farko ke nan da za su rubuta abu su karanta da kansu. Amma kowace alama tana iya kai ɗigo 12, shida a tsaye sau biyu, ta fi kan yatsa tsawo, sai ka yi sama ka yi ƙasa kafin ka gane ta. Babu lambobi, babu aya ko waƙafi, kuma yadda aka koyar da ita a makarantar sautin magana take bi, ba ƙa'idar rubutu ba.

Louis yana ɗan shekara 12 a lokacin. Shekara uku ya yi yana huda takarda, da dare bayan an kwanta, da lokacin hutu a ƙauye. Zuwa 1824 ya fito da abin da duniya take amfani da shi har yau. Bari in ɗan tsaya a nan, don ni sai da 'yar ƙanwata ta riƙe hannuna ta ɗora a kan takarda kafin na gane hikimar.

Gida ɗaya ne mai gurbin ɗigo 6, uku a hagu uku a dama, girmansa daidai kan yatsa, taɓawa ɗaya ta isa. Na hagu daga sama zuwa ƙasa su ne 1, 2, 3, na dama 4, 5, 6. Idan ka juya su ta kowace fuska za su ba ka alamomi 63. Haruffa goma na farko, daga a zuwa j, da ɗigo huɗun sama kawai ake yin su: a shi ne ɗigo na 1 shi kaɗai, b shi ne 1 da 2, c shi ne 1 da 4. Goma na biyu, daga k zuwa t, su ne dai waɗancan goman, sai ka ƙara musu ɗigo na 3. Na gaba kuma ka ƙara 3 da 6. Wato wanda ya haddace goma ya kusa gama aiki. Lambobi ma ba a ƙago musu sabbin alamomi ba, haruffan nan goma ne, sai a sa wata alama a gabansu mai cewa lamba ce ke tafe. Harafin w ne kaɗai ya fita daga layi, don Faransanci ba ya cika amfani da shi, daga baya aka liƙa shi a ƙarshe. Kiɗa ma ya tsara masa nasa rubutu da ɗigon nan shida.

Wajen rubutu akwai abin da ya ba ni dariya. Ana sa takarda a cikin allon ƙarfe mai ramuka, a riƙa hudawa da tsinke ta baya, don haka daga dama zuwa hagu ake rubutawa, kamar ajami, sannan a juya takardar a karanta daga hagu zuwa dama. Da tsohuwa ta ga jikarta tana rubutu daga dama sai hankalinta ya kwanta, ta ce ashe dai abin ba na kafirai zalla ba ne. Ban gyara mata ba. Wani abin kuma da ba na iya wucewa ban yi tunaninsa ba: tsinken da ake hudawar da shi, ɗan'uwan basillar nan ce ta rumfar ubansa.

Shugaban makarantar na lokacin, Dakta Pignier, ya ga amfanin abin ya bar yara su yi ta aiki da shi. A 1828 aka ɗauki Louis mataimakin malami, a 1833 ya zama cikakken malami, yana koyar da nahawu da tarihi da labarin ƙasa da lissafi da kiɗa. A 1829, yana da shekara 20, ya buga ɗan littafin da ya bayyana tsarin, kuma a ciki ya yaba wa Barbier, bai ɓoye inda ya samo tushen ba. Bugun farko yana da 'yan layuka haɗe da ɗigo, amma ya lura yatsa yana wahalar bambance su, sai ya zubar da su a bugu na biyu a 1837. A wannan shekarar ce makarantar ta fitar da cikakken littafi na farko da sabon rubutun, tarihin Faransa cikin juzu'i uku. Gwani ne kuma wajen kaɗa ogan, babban abin kiɗan nan mai bututu na coci, ya yi shekaru yana kaɗawa a cocin Saint-Nicolas-des-Champs. Mutum ne mai riƙo da addininsa na Katolika. Bai yi aure ba, kusan duk rayuwarsa a cikin makarantar ya yi ta.

Bai manta da cewa makaho yana bukatar rubuta wa mai ido wasiƙa ba. A 1839 ya fito da wata hanya ta zana haruffan boko da ɗige-ɗige yadda ido zai gani hannu kuma ya ji, sannan abokinsa Pierre Foucault, shi ma makaho, ya ƙera na'urar da ke yin wannan aiki.

Daga nan labarin ya ɓaci. A 1840 aka ture Pignier, mataimakinsa Pierre-Armand Dufau ya hau kujerar. Dufau ya hana amfani da ɗige-ɗigen, aka ƙwace alluna da tsinkaye, ya kawo wani sabon salon haruffan boko masu tudu, ya kuma sa aka ƙone tsofaffin littattafan da aka buga kafin zuwansa. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce rubutun da mai ido ba zai iya karantawa ba zai ƙara ware makafi daga jama'a. In za a yi adalci, ba maganar banza ba ce gaba ɗaya. Amma a ganina akwai wani abu a ƙarƙashinta: malamai masu ido ba sa son su koma ɗalibai, kuma in makafi suna da rubutunsu, za su iya koyar da junansu ba sai da su ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba wanda ya tambayi masu yatsun. Mu ma a zamanmu na gida, sai yanzu nake tunawa, ba wanda ya tambayi yarinyar.

Yaran makarantar ba su bari ba. Suka koma yi a ɓoye, da ƙusa, da allurar saƙa, da cokali mai yatsu, manya suna koya wa ƙanana da dare, ana kama su ana hukunta su suna komawa. Mataimakin Dufau, wani mai suna Joseph Guadet, shi ya lura cewa wannan yaƙi ba mai ciwuwa ba ne, ya shawo kan maigidansa. Dama tun 1838 marubucin nan Lamartine ya yi magana a majalisa kan munin tsohon ginin, aka ware kuɗin sabo a titin Invalides. Ranar bikin buɗe shi, 22 ga Fabrairu, 1844, aka yi gwaji a gaban jama'a: aka fitar da yaro ɗaya waje, wani daga cikin baƙi ya yi shifta, wani yaron ya rubuta da ɗigo, aka dawo da na wajen ya karanta bai yi tuntuɓe ba. Louis yana wurin.

Sai dai lafiya ta riga ta tafi. Tun wajen 1835 tarin fuka ya kama shi, ya riƙa tofar da jini, yana rage aji yana komawa ƙauye ya huta ya dawo. Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1852, kwana biyu bayan ya cika shekara 43, aka kai shi Coupvray aka binne. Cikin kayansa an sami wani ɗan akwati da ya bar wasiyyar a ƙone, da aka duba sai ga takardun basussukan da yake bin mutane. Hukuma ba ta amince da rubutunsa a matsayin na makarantar ba sai 1854, shekara biyu bayan ƙasa ta rufe shi.

Yaɗuwarsa ma da jan ƙafa aka yi. A Ingila wani likita da idonsa ya raunana, Thomas Armitage, ya kafa ƙungiya a 1868, ya tara makafi masu ilimi ya ce su gwada duk tsare-tsaren da ake da su su zaɓa da kansu, suka zaɓi na Braille. A 1878 wani taro a Paris ya amince da shi don makarantun Turai. Amurka kuwa ta yi shekaru da dama tana rigima tsakanin tsare-tsare masu gaba da juna, har makaho ya koyi rubutu biyu ko uku kafin ya iya karanta littattafan ƙasarsa, ba a daidaita da Ingila ba sai 1932. Bayan yaƙin duniya na biyu UNESCO ta shiga aikin daidaita shi a harsunan duniya, aka yi taro a Beirut a 1951 wanda ya shafi Larabci. Yau ana buga Alƙur'ani cikakke da shi, juzu'i-juzu'i saboda kaurin takarda, kuma daga hagu zuwa dama ake karanta shi, don ƙa'idar ɗigon ke nan a kowane harshe. Mu da muka saba ganin makaho mahaddaci, wannan ƙari ne babba, don mai hadda in ya yi shakka a aya sai ya nemi mai ido ya duba masa, mai ɗigo kuwa da kansa zai duba. Tun kafin Braille da shekara ɗari biyar ma an yi wani malami makaho a Bagadaza, Zainuddin al-Amidi, mai koyarwa a makarantar Mustansiriyya, wanda yake murɗa 'yar takarda ta zama siffar harafi ya liƙa a bangon littafi don ya san kuɗinsa da hannu. Dabarar ta tsaya a kansa, ba ta zama rubutun jama'a ba.

A nan Gana an buɗe makarantar makafi ta Akropong a 1945, ta Wa kuma a 1958, a Najeriya ta Gindiri a 1953. Duka 'yan mishan ne suka fara su, kuma wannan na cikin abin da ya sa iyayenmu suka daɗe suna ɗari-ɗari. Na fahimci tsoron, ni ma na yi shi. Amma mu ba mu gina tamu ba, muka bar wa sarkin makafi da sadakar Juma'a ɗawainiyar.

Wasu abokaina suna cewa zamanin ɗigo ya wuce tunda waya tana magana. Gaskiya ne akwai TalkBack a wayoyin Android, akwai VoiceOver a iPhone, akwai NVDA na kwamfuta wanda kyauta ake sauke shi, kuma duk makahon da ya samu ya riƙe su da kyau. 'Yar ƙanwata ma tana amfani da wayar ubanta. Amma na saurari yadda wayar take karanta mata saƙon Hausa da harshen Bature, sai ta maimaita sau uku kafin ta gane. Kuma kunne ba ya koya maka yadda ake rubuta kalma, ba ya jera maka lissafi ka bi shi layi-layi. Na'urar buga Braille ta Perkins, wadda ta fito a 1951, tana da tsada ƙwarai, mai haɗawa da kwamfuta ta fi ta. Allo da tsinke kuwa ba su fi ƙarfin talaka ba, ba ruwansu da caji ko ɗauke wuta.

A watan Yuni na 1952, shekara ɗari da rasuwarsa, gwamnatin Faransa ta tono gawar Louis Braille ta kai Panthéon, inda ake ajiye manyan mutanen ƙasar. Makafi daga ƙasashe da dama suka bi gawar a titunan Paris da sandunansu, Helen Keller ma ta zo daga Amurka. Mutanen Coupvray suka ce ba za a kwashe musu ɗansu duka ba, aka bar musu ƙasusuwan hannayensa a cikin ɗan akwati a kan tsohon kabarin. Gidan da aka haife shi yanzu gidan tarihi ne, rumfar dukancin tana nan. Tun 2019 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya take bikin ranar Braille kowace 4 ga Janairu.

Kafin yarinyar ta koma makaranta ta huda mini haruffa goman farko a bayan wani tsohon kwalin shayi, ta ce in ta dawo hutu za ta yi mini jarrabawa, kuma ban da leƙe. Har yanzu d da f suna rikita ni.